Farin Layin Gefen Titi

Ƙarfe biyu da rabi na dare na tashi daga aiki. A wani katafaren sito nake aiki a bayan garin Kolambus ta jihar Ohayo a Amurka, inda muke tattara kaya muna loda wa manyan motoci, kuma a shekarar aikin dare ya faɗo kaina cikin goman ƙarshe na azumi, tsakiyar Afrilun 2023. Tsakanina da gida tafiyar minti talatin da biyar ce. Lissafina shi ne in isa, in watsa ruwa, in samu 'yan raka'o'i, mu yi sahur da iyali kafin alfijir ya keto.

Akwai wata hanya da nake yankewa ta cikin gonaki. Falle ɗaya ce, hannun zuwa da na dawowa, rawayan layi a tsakiya, farin layi a gefen dama. Ba fitilun titi, ba gidaje, sai gonakin masara da ba a kai ga shukawa ba. Ina cikin tafiya na ga fitilar mota a madubi, ta matso har ta kusa shinshinar bayana. Duk wanda ya koyi tuƙi a hanyar Kano zuwa Zariya ya san abin da hannu yake yi da kansa a irin wannan hali: ka ɗan raɓa dama, ka ba mai sauri hanya ya wuce da fitinarsa. Na raɓa. Bai wuce ba. Na dawo tsakiyar hannuna, muka ɗan taɓa tafiya, na sake raɓawa. Ban gama daidaita sitiyari ba sai fitilun 'yan sanda shuɗi da ja suka cika motar.

Ba zan ɓoye ba, a gajiye nake. Kwana ashirin da wani abu ina haɗa azumi da tsayuwar awa goma a kan siminti. Ban yi gyangyaɗi ba, wannan na tabbata, amma idanuna sun yi nauyi.

Na kunna sigina na gangara gefe, na kashe mota, na kunna fitilar ciki, na sauke gilashi, na ɗora hannuwana biyu a kan sitiyari. Wannan karatu ne da wani dattijonmu ya biya mini tun makon da na sauka a ƙasar. Ya ce, "Ɗana, a gida in an tsayar da kai a shinge fitowa kake yi ka gaisa, ladabi ke nan. A nan kuwa in ka buɗe ƙofa ba a ce ka buɗe ba, ka sayi rigima da kuɗinka. Zauna, hannunka a inda za a gan shi." Shekara tara maganar tana kwance a kaina, sai a daren ta yi mini rana.

Ɗan sandan matashi ne, bai ɗaga mini murya ba, bai kuma ci mini mutunci ba. Ya haska tocila, ya gaishe ni, ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ya tsayar da ni. Na ce, "Yallabai, ban sani ba." Ya ce ya ga na fita daga layina har sau biyu. Daga ina nake, ina za ni, na sha wani abu a daren nan? Na ce daga aiki nake, ga katin wurin aikin a wuyana, kuma giya ban taɓa kai ta bakina ba tunda aka haife ni. Ya ɗan sunkuyo, na gane shinshinawa yake yi, ya dubi idanuna da tocilar, sannan ya ce in ba shi lasisi da takardar inshora.

Ya koma motarsa ya jima. Da ya dawo sai ya ce, "Malam, ka san lasisinka ya ƙare?"

Gabana ya faɗi. A Ohayo lasisin tuƙi ranar haihuwar mutum yake ƙarewa. Ni kuwa ranar haihuwa ba abin da muka taso muna ƙirgawa ba ne, kwanan wata ne kawai a jikin fasfo. Tawa ta faɗo cikin Maris, ta wuce ban waiwaye ta ba. Mako uku da 'yan kwanaki ina yawo da mataccen lasisi a aljihu.

Ya ce ba zai bar ni in ja motar ba, sai dai in kira mai lasisi ya zo ya ɗauke ta, ko a kira motar janwe. Kafin nan ya tambaye ni ko akwai wani abu a motar da ya kamata ya sani, kuma ko zan yarda ya duba. Ban ko yi tunani ba na ce ya duba. Ya fito da ni, na tsaya a gaban motarsa cikin sanyi, ina kallo ya buɗe but, ya ɗaga dardumar salla, ya buɗe kular abincin da uwargida ta haɗa mini ta buɗa-baki, ya shinshina sauran miyar kuka, ya rufe. Bai samu komai ba, domin ba komai.

Na kira wani ɗan'uwa da muke ce wa Yaya, mutumin Damagaram, direban tasi ne. Bugu biyu ya ɗauka. Ya taho da ɗansa babba, ya kuma taho da dabino da ruwa da burodi a leda, domin ya lissafa cewa kafin mu isa gida lokaci ya ƙure. A gefen titin nan na yi sahur ina tsaye, takardun laifi biyu a hannuna: ɗaya ta fita daga layi, ɗaya ta tuƙi da lasisin da ya ƙare.

Washegari duk wanda ya ji labari magana ɗaya yake yi. Uwargida ta ce, "Maigida, ka biya su kawai mu huta, Allah ya tsare gaba." A masallaci bayan asham dattijon nan nawa ya ce, "Baƙo ba ya ja da hukuma. Tunda ba a taɓa lafiyarka ba, ka gode wa Allah ka biya." Kuma gaskiya kuɗin ba su kai a tayar da hankali ba. Laifuffukan biyu duk ƙanana ne a dokar jihar, tarar kowanne ba ta wuce dala 150, sai kuɗin kotu. A bayan takardar ma an rubuta yadda za ka biya ta intanet ba tare da ka taka kotu ba.

Abin da mutanenmu da yawa ba su lura da shi ba, biyan nan amsa laifi ne. Kana turawa, an rubuta cewa ka aikata. Laifin fita daga layi maki biyu ne a kan lasisi, kuma wanda ya tara maki 12 cikin shekara biyu ana dakatar da shi daga tuƙi wata shida. Kamfanin inshora yana gani ya ƙara maka kuɗi. Ni kuma a lokacin ina tara kuɗin makarantar koyon tuƙin tirela, kamfanonin da ke ɗaukar direbobi kuwa tarihin tuƙinka suke fara buɗewa. Ga takardar neman zama ɗan ƙasa da nake shirin cikewa, wadda ke tambaya ko an taɓa kama ka ko an ba ka takardar laifi. Sannan akwai abin da ya fi waɗannan duka ci mini rai. Maganar lasisi laifina ne, ban musa ba. Amma layin nan na san ban ƙetare shi ba. Na hau kansa, ban wuce shi ba. Ban san ko wannan bambancin yana da wani amfani a gaban shari'a ba, sai dai zuciyata ta ƙi yarda in sa hannu a kan abin da ban yi ba.

Na fara da sabunta lasisi. Tunda bai kai wata shida da ƙarewa ba, ba a sake yi mini jarrabawa ba: gwajin ido, hoto, kuɗi, shi ke nan.

Ranar da aka rubuta a takardar na je kotun ƙaramar hukumar da abin ya faru. Zaman farko ba shari'a ake yi ba, tambaya ce kawai. Mun fi mutum hamsin a ɗakin, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Amsa uku ce a gabanka: ka amsa laifi, ko ka ce ba ka aikata ba, ko ka ce ba ka jayayya da abin da aka rubuta, alƙali ya yanke. Na ga mutane suna zaɓar ta ukun suna zaton wata mafita ce, alƙali kuwa nan take yake samun su da laifi. Da aka zo kaina an tambaye ni ko ina buƙatar tafinta, na ce a'a. Na ce ban aikata ba. Magatakarda ta miƙo mini wata takarda: doka ta ce ƙaramin laifi irin wannan a yi shari'arsa cikin kwana 30, in ina son lokacin neman lauya sai in sa hannu na yafe wannan wa'adin. Na sa. A irin wannan ƙaramin laifi gwamnati ba ta ba ka lauya kyauta, domin ba ɗauri a cikinsa.

Lauyar da na samu dattijuwa ce, ofishinta ɗaki biyu a saman wani shago kusa da kotun. Ta nemi dala 600, kuɗin da ya ninka tarar da nake gudu. Na ba ta labari tun daga sito har sahur. Na ɗauka za ta fara da lasisi, tunda shi ne laifin da ke a fili. Sai ta ture takardar lasisin gefe, ta ɗora yatsa a kan ɗayar, ta ce duk shari'ar a nan take.

Abin da ta koya mini a wannan zama shi ne dalilin wannan rubutu. Ta ce a Amurka, idan ɗan sanda ya kunna maka fitila ka tsaya, a idon doka ya kama ka ne, ko da na minti biyar ne. Gyara na huɗu a kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ke aiki tun 1791, ya hana hukuma kama mutum ko bincikensa ba gaira ba dalili. Saboda haka kafin kotu ta tambayi abin da aka samu a wurinka, sai ta fara tambayar abin da ya sa aka tsayar da kai tun farko. Ba a buƙatar ɗan sanda ya tabbatar ka yi laifi kafin ya tsayar da kai, amma dole ya kasance yana da zargi mai tushe, wanda zai iya buɗe baki ya faɗi abin da ya gani da idonsa. "Jikina ne ya ba ni" ba dalili ba ne. Wannan ma'auni ya samo asali daga shari'ar Terry ta 1968. Idan kuwa tsayarwar ba ta da tushe, abin da aka samo ta dalilinta ba ya shiga kotu, kuma shari'ar Mapp ta 1961 ce ta ɗora wa jihohi wannan ƙa'ida. Ta faɗa mini da ɗan alfahari cewa duka shari'o'in biyu daga birnin Cleveland na jiharmu suka taso har suka kai Kotun Ƙolin Amurka.

Na ce mata, to ai ni da gaske lasisina ya ƙare. Ta ce ta sani, amma ɗan sandan bai san haka ba sai bayan ya tsayar da ni. Abin da ya gano daga baya ba zai koma baya ya halatta tsayarwar ba.

Daga nan ta buɗe dokar layi ta jihar, sashe na 4511.33. Abin da ta ƙunsa shi ne direba ya riƙe motarsa cikin hannu ɗaya gwargwadon yadda zai yiwu, kada kuma ya bar hannun sai ya tabbatar babu haɗari. Wannan "gwargwadon yadda zai yiwu" ita ce lauyoyi suka shekara suna ja a kanta. Wasu alƙalai suna ganin ɗan kaucewa kaɗan da bai jefa kowa cikin haɗari ba bai isa a tsayar da mutum ba, wasu suna ganin ya isa. A 2008 Kotun Ƙolin Ohayo ta raba gardama a shari'ar wani mai suna Mays. Shi wani jami'i ne ya ga motarsa ta ƙetare farin layin gefe da kimanin faɗin taya ɗaya, jim kaɗan ta sake yin haka. Kotu ta ce wannan ya isa dalilin tsayarwa, ko da babu wata alamar tuƙin ganganci. Ta ƙara da cewa in direba yana da uzuri, ya kawo shi gaban alƙali, ba aikin ɗan sanda ba ne ya tsaya tantance uzuri kafin ya kunna fitila.

Jikina ya yi sanyi, domin ni ma sau biyu aka ce. Sai ta ɗaga hannu ta ce in dakata. A Disambar 2020 kotun nan dai ta yanke hukunci a kan shari'ar wani Turner, wanda shi tayarsa hawa kan farin layin ta yi, ba ta ƙetare ba. Kotunan ɗaukaka ƙara na jihar sun rabu biyu a kan irin wannan. Kotun Ƙoli ta ce farin layin gefe ƙetare shi aka hana, ba taɓa shi ko tafiya a kansa ba. Wanda ya hau layi bai karya dokar ba.

Layin nan, wanda Amurkawa ke kira layin hazo saboda shi direba ke bi in gari ya rufe, faɗinsa inci huɗu ne zuwa shida. Bai kai tsawon tafin hannu haɗe da yatsu ba. Ta ce, "In tayarka ta wuce shi, Mays ce shari'arka, ka faɗi. In a kansa ta tsaya, Turner ce, muna da magana. Ni ba zan ɗauki maganarka ba, ba zan ɗauki tasa ba, sai na ga bidiyo."

Akwai abin da ke cina tun daren, na fito mata da shi. Na ce ina jin ba layi ne ya sa ya bi ni ba. Ya ga baƙar fata cikin tsohuwar mota ƙarfe uku na dare, ya manne mini a baya yana jiran in yi kuskure. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta ce wuraren shan giya a jihar ƙarfe biyu da rabi na ƙarshensu ke rufewa, saboda haka duk motar da ke kan titi a wannan lokaci ana yi mata kallon ta mashayi, kuma laifin layi shi ne ƙofar da aka fi shiga da ita. Amma ta ce kada in sa rai kotu za ta binciki zuciyarsa. Tun shari'ar Whren ta 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta ce muddin akwai laifin hanya na gaske, komai ƙanƙantarsa, tsayarwa ta halatta, ko da wani abu daban ne a ran jami'in. Wannan hukunci har yau bai kwanta mini ba. Babu direban da zai yi tafiyar mil goma ana bin sa a baya ba a samu inda ya kuskure ba, kuma wanda aka zaɓa a bi shi ne zai biya. Amma ita ce dokar, kuma ita ta sa inci huɗun nan suke da nauyin da suke da shi: in ba a duba niyya, abin da ya rage wa talaka shi ne a tabbatar laifin da aka ce ya yi ya yi shi da gaske.

Ta kuma yi mini faɗa a kan binciken mota. Ta ce da ya tambaye ni, ina da ikon in ce ban yarda ba, cikin ladabi. Ta kawo shari'ar Rodriguez ta 2015, wani da aka tsayar a jihar Nebraska shi ma saboda ya gangara gefen titi, ya ce rami ya kauce wa. Bayan an gama rubuta masa takardar gargaɗi sai aka riƙe shi minti bakwai zuwa takwas domin kare ya shinshina motar. Kotun Ƙoli ta ce ba a tsawaita tsayarwa bayan an gama abin da ya jawo ta, sai da wani sabon dalili. Ni kuwa da bakina na buɗe ƙofa. Tarbiyyar gida ce, in babba ko mai kaki ya ce zai duba, ka ce bismilla.

Ta rubuta wa mai gabatar da ƙara tana neman duk shaidar da ke hannunsu. Bayan mako uku ta kira ni. Muka zauna gaban kwamfutarta, ta kunna hoton kyamarar gaban motar ɗan sandan. Wani iri na ji da na ga motata daga baya, ita kaɗai cikin duhu, lambar tana ƙyalli. Ga ni ina tafiya daidai tsakiya. Ga fitilarsa ta matso. Ga motar ta raɓa dama a hankali, tayar baya ta hau farin layin ta rufe shi, daƙiƙa biyu ko uku, ta dawo. Bayan kamar rabin minti ta sake. Lauyar ta tsayar da hoton, ta ƙara girmansa, ta matsa gaba kaɗan-kaɗan. Ta ce in duba hagun tayar. In ta ƙetare, za a ga farin layin ya fito ta hagunta, da baƙin kwalta a tsakani. Babu. Layin yana ƙarƙashin taya daga farko har ƙarshe. Gani ya kori ji. Na ce alhamdu lillahi a fili, har ta juyo ta dube ni.

A zaman sulhu kafin shari'a mai gabatar da ƙara ya kawo tayi: tunda na sabunta lasisi zai janye wannan tuhumar, ni kuma in amsa ta layi in biya. Lauyar ta fito da ni baranda ta ce tayin ba mummuna ba ne, kuma ba ta da tabbacin abin da alƙali zai yi, shawara tawa ce. Na ce mata wanda na yi shi suke so su yafe, wanda ban yi ba shi suke so in amsa. Ta koma ta shigar da takardar neman kotu ta yi watsi da duk shaidar da aka samu daga tsayarwar.

An saurari wannan buƙata a farkon Yuli. Ɗakin ba kowa sai mu. Abin da ya ba ni mamaki, ba ni aka sa a gaba ba. Tunda an tsayar da ni ba da takardar izinin kotu ba, gwamnati ce za ta nuna dalilinta. Ɗan sandan ya yi rantsuwa ya zauna, ya ce ya ga motata ta bar layinta sau biyu. Aka kunna bidiyon a babban allo. Lauyata ta miƙe, ba hayaniya, ta tsayar da hoton a daidai wurin.

Ta tambaye shi ina tayar take. Ya ce a kan layi. Ta ce ko yana ganin layin ta hagun tayar. Ya matso ya duba, ya ce a'a. Ta ce ko akwai wani wuri a bidiyon da tayar ta wuce layin gaba ɗaya. Ya yi shiru kaɗan, ya ce a daren ya ɗauka ta wuce, amma a hoton nan bai gani ba. Ta tambaye shi ko na wuce ƙa'idar gudu, ko na taɓa rawayan layin tsakiya, ko na yi jinkirin tsayawa. Duk ya ce a'a. Na girmama shi a kan wannan, domin da ya so ya kafe, sai ya kafe.

Mai gabatar da ƙara bai sallama ba. Ya kawo hujja biyu, kuma duka masu nauyi ne. Ta farko, ko da ba a karya dokar layi ba, motar da ke tangaɗi cikin hannunta a irin wannan lokaci tana iya sa jami'i ya yi zargin maye ko barci, kuma kotuna sun sha amincewa da tsayarwa a kan haka. Da ya faɗi barci sai da na sunkuyar da kai, domin na san nauyin idona a daren. Ta biyu, shari'ar Heien ta 2014, inda Kotun Ƙolin Amurka ta ce in jami'i ya yi wa doka kuskuren fahimta irin wanda mai hankali zai iya yi, tsayarwarsa ba ta ɓaci ba. Lauyata ta amsa cewa a rahoton da jami'in ya rubuta da hannunsa babu kalmar tangaɗi, laifin layi kaɗai ya ambata, kuma bidiyon ya nuna motar ba ta motsa ba sai da ya matso mata. Game da kuskuren fahimta kuma, ta ce ana yi wa jami'i uzuri ne inda doka ke da duhu, wannan kuwa Kotun Ƙolin jiha ta haskaka ta fiye da shekara biyu kafin daren.

Alƙalin ya sa aka maimaita bidiyon sau uku, na ƙarshe ya sauko daga kujerarsa ya tsaya dab da allon, tabarau a hannu. Ya yi mini tambaya ɗaya tak ta bakin lauyata, ko ina so in yi magana. Ta riga ta gargaɗe ni cewa ba dole ba ne, na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da ƙari." Ya ce zai rubuto hukunci.

A kwanakin jiran nan wani abokina direban tirela da ke zaune a wata jiha ya kira ni, ya ce shi ma an taɓa tsayar da shi a kan layi, in turo masa sunan shari'ar da za ta fisshe shi. Na tambayi lauyar, ta ce in gaya masa Turner ta Ohayo ce kaɗai. Kusan duk jihohin suna da doka mai irin wannan lafazi, amma kowace da yadda kotunanta suka fassara ta. Ta ba ni misalin wata shari'a ta 1996 daga jihar Utah, inda wata motar ɗaukar kaya ta gangara gefe sau ɗaya a kan hanyar duwatsu mai lanƙwasa ana iska, kotun tarayya ta ce wannan bai isa dalili ba. Da a Ohayo ne bayan Mays, mai yiwuwa labarin ya sha bamban. Na ce masa ya nemi lauyan garinsu, ya kuma nemi bidiyo tun ba a goge ba.

Bayan kwana goma sha shida hukuncin ya fito, shafi uku. Alƙalin ya rubuta cewa shaidar da ke gabansa ta nuna taya a kan layi, ba ta nuna ta ƙetare ba, kuma hawa layi sau biyu na 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da wata alama ba, bai kai zargi mai tushe ba. Ya amince da buƙatarmu. Da shaidar ta fita, mai gabatar da ƙara ya janye tuhumar biyu.

Lauyar ta ce in je ofishin magatakarda in karɓi kwafi mai hatimin kotu, domin ranar da jami'in shige da fice zai tambaye ni labarin takardun nan, ba bakina zai saurara ba. Na biya 'yan daloli aka buga mini biyu. Ɗaya na sa a jakar da muke ajiye fasfo da takardun haihuwar yara. Ɗayar na kai wa dattijon nan bayan sallar Juma'a, na fassara masa ita layi-layi a cikin motarsa. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce in bar masa, akwai wani yaro ɗan Kumasi da aka ba irin takardata makon jiya, yana shirin biya ranar Litinin.